NA'URORIN KOYARWA A MANYAN MAKARANTUN KEBBI: WA KE TAIMAKON MALAMI?

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa gab da samun mulkin kai, ko kuwa 'yan shekaru kaɗan bayansa, da wuya ya manta da ranar da motar majigi ta shigo garinsu. Tun da la'asar mai shela zai zagaya unguwa-unguwa, kafin almuru ƙofar fada ta cika maƙil, yara a gaba, manya a baya. Sai a kafa farin ƙyalle, a ta da inji, a nuna wa jama'a yadda ake shuka auduga a layi, ko yadda ake tsabtace rijiya, ko kuwa amfanin shiga ajin Yaƙi da Jahilci. To, amma idan ka zauna da tsofaffin da suka ga wannan zamani, za ka tarar ba hoton kaɗai suke tunawa ba. Suna tuna mutumin nan da ke tsaye a gefe da lasifika, yana bayyana abin da ake gani da Hausa, yana sa ba'a inda ta dace. Motar majigi ba ta fita sai da direba, da mai kula da inji, da mai bayani. Wato na'ura ɗaya ce, amma mutane da dama ke yi mata hidima.

Yau al'amarin ya juya. Na'urori sun yi yawa a manyan makarantun ƙasar nan, ga kwamfuta, ga majigin zamani, ga allon lantarki, ga intanet, amma sau da yawa malami guda ake bari da su, shi ne direba, shi ne mai inji, shi ne kuma mai bayani, ga ɗalibai ɗaruruwa sun zuba masa ido. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu dubi batun daga nan kwarin Rima, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Akwai iyaye da yawa cikin masu karanta wannan shafi da suka sayar da buhun shinkafa ko 'yar akuya, wasu mata ma suka kwashi adashi, domin a saya wa yaro babbar waya ko kwamfutar tafi-da-gidanka, saboda an ce musu karatun yanzu ba ya yiwuwa sai da ita. Wanda ya kashe irin wannan kuɗi kuwa yana da hakkin ya san abin da ake yi da ita a can.

Idan mai karatu bai manta ba, ranar 27 ga Agusta, 1991, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Mai son digiri sai ya nufi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Zariya, ko Kano, ko Jos. Abin da ake da shi a Birnin Kebbi shi ne kwalejin kimiyya da fasaha, wadda a yau take hannun tarayya da sunan Waziri Umaru. Daga baya aka buɗe kwalejin horon malamai a Argungu, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Adamu Augie. A 2006 jiha ta kafa jami'arta ta kimiyya da fasaha a Aliero. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tare da ta Gusau da ta Gashuwa, ta soma aiki a Kalgo, mazauninta na dindindin kuma yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. A 2020 aka ƙara da jami'ar aikin gona ta tarayya a Zuru.

Ke nan dukan jami'o'in jihar an haife su ne a zamanin wayar hannu. Ba su gaji tarin littattafai na shekaru hamsin ba, irin wanda ke jibge a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello. Sabuwar jami'a ba za ta iya sayen wannan tari ba ko da tana da kuɗi, domin yawancin littattafan an daina buga su. Hanyar da ta rage mata ita ce ta intanet, inda ake biyan kuɗin shekara a buɗe wa malamai da ɗalibai mujallun bincike da littattafai na duniya. Saboda haka a wurinmu na'ura ba ado ba ce, ita ce laburaren kanta.

INA KUƊIN KE FITOWA?

Wanda ya taɓa shiga wata babbar makarantar gwamnati zai lura da gine-ginen da aka rubuta wa TETFund a goshi. Ba kowa ya san tushen wannan asusu ba, alhali kuwa da hannun ɗan Kebbi a ciki. A 1992 ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta yi wani dogon yajin aiki a ƙarƙashin shugabancin Attahiru Jega, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero da kuma hukumar zaɓe ta ƙasa. Da gwamnati ta ce ba ta da kuɗi, sai malaman suka kawo shawarar a ɗora wa kamfanoni harajin ilmi. A 1993 aka yi dokar soja da ta ce kowane kamfani ya ba da kashi 2 cikin 100 na ribarsa. Da farko ana raba kuɗin har da firamare da sakandare, sai a 2011 aka sake dokar, aka taƙaita shi ga manyan makarantu, rabi ga jami'o'i, sauran rabin kuma a raba daidai tsakanin kwalejojin fasaha da na horon malamai. A 2023 harajin ya kai kashi 3 cikin 100, kana sabuwar dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da wasu haraje-haraje a wuri guda, asusun na karɓar rabonsa daga ciki.

Makarantun gwamnati kaɗai ke cin wannan asusu, na tarayya da na jihohi. Wato jami'ar Birnin Kebbi da kwalejin Argungu duk suna cikin layi, amma jami'o'i masu zaman kansu, har da waɗanda ikkilisiyoyi suka kafa irin su Bingham ta ECWA da ke Karu, sai dai su yi ta kansu.

Ko shakka babu asusun ya yi aiki. Ya gina ɗakunan lacca da na gwaje-gwaje, ya sayi kwamfutoci, ya tura malamai ƙarin karatu ciki da wajen ƙasa. A 'yan shekarun nan ma ya samar wa makarantun da ke ƙarƙashinsa wata manhajar koyarwa ta intanet mai suna Blackboard, inda malami zai sa darasi, ya ba da aikin gida, ya karɓa, ya ba da maki. Abin dariya, ma'anar sunan da Turanci shi ne baƙin allo, wato dai mun yi tafiya mun dawo gida. Amma fa asusun ba ya biyan albashi. Albashin wanda zai kunna na'urar, da kuɗin wuta na wata-wata, da man janareta, duk suna wuyan mai makarantar. A nan ne gizo ke saƙar. Sayen kwamfuta ɗari abu ne na rana ɗaya, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, a tafa. Riƙe ta shekara biyar tana aiki kuwa, ba wanda ke zuwa ɗaukar hotonsa.

WUTA, ƘURA DA ZAFI

Mu ɗauki wutar lantarki. An gama madatsar Kainji a 1968, daga baya babbar wayar wuta ta iso Birnin Kebbi, daga nan ma wata ta ƙetare iyaka ta bi ta Doso zuwa Yamai. Duk da haka ba sai an gaya wa mazaunin jihar yadda wuta take ba. A watan Afrilu na 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga waɗanda aka ce suna samunta sa'o'i 20 a rana, ya koma Naira 225 a kan kowace yunit, manyan jami'o'i da dama kuma suka yi ta kuka da takardun kuɗin da aka kawo musu. Man janareta ma ba sauƙi. Mafita ita ce rana, wadda Allah ya hore mana ita ba awo. A 2019 an buɗe tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, abin da ya nuna cewa aikin yana yiwuwa. Sai dai sola ma tana son mai wanke mata fuska, tana kuma son a canja mata batir idan ya gaji.

Ga kuma yanayin ƙasarmu. A watan Afrilu zafi a Birnin Kebbi yana wuce digiri 40, da hunturu kuwa ƙura ba ta barin ko cikin akwati. Kwamfuta ba ta son ko ɗaya daga cikinsu. Ƙura ta toshe mata fanka, zafi ya ƙarasa ta. Majigin zamani yana da ƙwan fitila mai ƙayyadadden rai, idan ya ƙone ba a samunsa a tsohuwar kasuwa. Malamin da ya kwana yana shirya darasi a kwamfuta, ya shiga aji ya tarar ba wuta, ko ga wuta amma an rasa wayar haɗi, ko mai makullin ɗakin ya tafi jana'iza, sau biyu ko uku zai jure. A na huɗu zai koma ga alli da allo, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Kada a ɗauka wannan matsala ta ƙananan makarantu ce kawai. A watan Mayu na 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa an yi kuskure a sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Dalili kuwa, wani gyaran manhaja ne da ba a kammala sa shi a wasu na'urori ba. Hukuma mai kuɗi ke nan, amma aikin ma'aikacin fasaha da ba a yi daidai ba ya girgiza ƙasa baki ɗaya.

RANAR DA AKA RUFE ƘOFA

An gwada mu a 2020. A watan Maris annobar korona ta sa aka rufe makarantu, a watan Afrilu Ministan Ilmi, Malam Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. A daidai lokacin ASUU na yajin aikin da ya kai har Disamba. Wasu jami'o'i masu zaman kansu suka ci gaba da karatu, na gwamnati kuwa akasari suka tsaya cik. Ba yajin aikin ne kaɗai ya jawo haka ba. Malamai da yawa ba a taɓa nuna musu yadda ake shirya darasi ga ɗalibin da ba ya gabansu ba. Inda aka yi wani abin kirki, galibi malami ne ya buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram da datarsa, yana tura murya da hotunan takardu. Ga yaran firamare da sakandare kuwa, jihohi da dama tsohuwar rediyo suka koma wa.

Bayan korona ma ba a daina rufe ƙofa ba. A 2022 an yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A watan Nuwamba na 2025, bayan da 'yan bindiga suka sace 'yan mata a makarantar sakandare ta Maga a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, gwamnatin jiha ta rufe makarantun sakandare da yawancin manyan makarantunta na wani lokaci, har da kwalejin Argungu da jami'ar Aliero. Ba mai fatan a sake, amma a ƙasar da ake rufe makaranta saboda cuta, ko yaji, ko tsaro, ko ambaliya, dole a tambaya: idan an kulle aji, karatu ma ya kullu ke nan? Amsar ba ta ga yawan kwamfutocin da ke kulle a cikin ginin. Tana ga ko malamin ya riga ya shirya darussansa a sigar da za su isa wayar ɗalibi a Kamba ko Ribah, ko kuwa a'a.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu ganin wannan. A 1964, da taimakon Faransa, suka soma gwajin koyar da yaran firamare ta talabijin. Masu zuwa kallo daga ƙasashe daban-daban sun yaba ƙwarai, amma shirin bai bazu yadda aka yi fata ba, daga baya kuma aka naɗe tabarmarsa. Na'urar ta yi abin da aka ce za ta yi. Ɗaukar nauyinta shekara da shekaru ne ya gagara.

ABIN DA ARGUNGU KE DA SHI

An san Argungu da bikin kamun kifi a Matan Fada, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. Amma ga mai zancen ilmi, babban abin da ke garin shi ne kwalejin horon malamai. Duk mai karatun NCE a ƙasar nan sai ya yi darasin fasahar koyarwa, inda ake nuna masa yadda zai haɗa kayan aiki da abin da ke kusa da shi, kwali, kara, murfin kwalba, idan babu na kanti. Sai kuma ya yi abin da ake kira ƙaramar koyarwa. An ƙirƙiro wannan dabara ne a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963: ɗalibi ya koyar da mutane kaɗan na 'yan mintoci, a ɗauke shi a bidiyo, ya zauna da malaminsa su kalla, a nuna masa inda ya juya wa aji baya, inda ya yi tambaya bai jira amsa ba, inda ya yi sauri, sa'an nan ya sake koyar da darasin. A wancan zamani sai da kyamara mai nauyi da kuɗi masu yawa. Yau wayar da ke aljihun ɗalibi ta isa.

To, ga abin mamaki. Wanda zai koyar da 'yan aji uku na firamare sai an ba shi wannan horo na shekara uku. Amma wanda zai tsaya gaban ɗalibai ɗari biyar a jami'a, galibi digirinsa na fanninsa kawai ake dubawa. Yana iya zama gwani a ilmin sinadarai ko lissafi, amma ba wanda ya taɓa zama a bayan ajinsa ya gaya masa cewa na baya ba sa ji. A Ingila jami'o'i da yawa sukan sa sabon malami ya yi kwas na koyon koyarwa a shekarunsa na farko, suna kuma da ofis na musamman wanda aikinsa ke nan: malami ya zo da darasinsa, a taya shi tsarawa, a nuna masa yadda zai ɗauki murya, yadda zai shirya jarrabawa a kwamfuta, a ba shi lambar da zai kira idan na'ura ta ƙi a tsakiyar lacca. Wannan shi ne taimakon malami da muke nufi. Ba ya bukatar bene. Ɗaki ɗaya mai wuta, da mutum uku ko huɗu da suka san aikinsu, ana kuma biyansu yadda ba za su gudu banki ko kamfanin waya ba.

A ganinmu, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ba nisa, tafiya ce da ba ta kai sa'a ɗaya a mota ba, kuma kowa na da abin da zai ba ɗan'uwansa. Masu horon malamai sun san sirrin aji, 'yan jami'a kuma suna da masana kwamfuta da hanyar samun mujallu. Duk abin da zai ƙara kusanta su riba ce ga jiha, musamman da yake Gwamna Nasir Idris, wanda ya hau mulki a 2023, tsohon malami ne da ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai kuma wata igiya da ta ɗaure garuruwan biyu. Tun 2015 ba a yin jarrabawar JAMB ta shiga jami'a sai a kwamfuta. Yaron da zai zauna gaban wannan na'ura a Birnin Kebbi, wanda ya koyar da shi a ƙauye wataƙila a Argungu aka horar da shi. Idan malamin bai taɓa kwamfuta ba, ɗalibinsa ma ranar jarrabawa zai fara ganinta, hannu na rawa. Har ta kai a 2017 hukumar ta tsara yadda za a amsa tambayoyi da maɓallai takwas kawai, saboda yaran da ba su iya riƙe linzamin kwamfuta ba. A nan ƙungiyoyin matasanmu na iya yin wani abu. Tsohuwar kwamfuta ɗaya a ofishin majami'a, da wani ɗan'uwa mai haƙuri ranar Asabar, sun isa su cire wa yaran unguwa wannan tsoro, kowane ne su.

MURYA TA FI BIDIYO ARHA

Wani amfanin na'ura da ba a cika faɗa ba shi ne na harshe. Ɗalibin da ya taso da Dakarci a Zuru, ko Kambarci a ƙasar Yawuri, ko Zabarmanci da Dandanci a bakin iyaka, Hausa ce harshensa na biyu, Turanci na uku, lacca kuwa da Turanci ake yi, sau ɗaya, cikin sauri. Idan malami ya ɗauki muryarsa ya tura, wannan ɗalibi zai saurara sau uku a ɗakinsa har ya gane. Murya kuma ba ta cin data kamar bidiyo, abin da ya zama dole a duba tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025. Malamin da ya san halin ɗalibansa zai zaɓi murya da rubutu marar nauyi, ba bidiyon sa'a biyu ba. Amma sai an zauna da shi an nuna masa bambancin.

Sabuwar jarrabawar da ta same shi kuma ita ce manhajojin nan masu rubuta amsa da kansu, irin su ChatGPT da ta fito a Nuwamba 2022. Ɗalibi na iya kawo aikin gida mai Turanci kamar na littafi, alhali bai karanta layi ɗaya ba, wani lokaci ma da sunayen littattafan da babu su a duniya. Hana amfani da su ba zai yiwu ba. Abin da zai yiwu shi ne malami ya sake irin tambayoyinsa, ya ce a je fadamar Argungu a auno ruwa, a tambayo masu noman rani, sa'an nan ɗalibi ya tsaya ya kāre abin da ya rubuta da bakinsa. Wannan kuwa ƙarin aiki ne ga mutumin da dama takardun jarrabawa sun yi masa katutu.

Saboda haka, 'yan'uwa iyaye, kafin a sayar da wani buhun, a zauna da yaro idan ya zo hutu a tambaye shi. Cikin malamansa nawa ne ke sa darasi a intanet? An ba shi lambar shiga laburaren lantarki ta makaranta, ya kuma taɓa buɗe ta? Ina yake cajin wayar, nawa yake biya? A shekarar farko, ga mafi yawan kwasa-kwasai, waya mai batir mai ƙarko ta wadatar, kwamfuta na iya jira har lokacin rubuta kundin kammala karatu ya ƙarato, sai dai idan fannin nasa na kwamfuta ne ko injiniya. Ranar rantsar da sabbin ɗalibai kuma, idan an zagaya da ku an nuna muku ɗakin kwamfuta mai sanyi, ku yaba, sa'an nan ku tambayi mai yi muku jagora, cikin ladabi, ina ofishin wanda ke gyara su, kuma su nawa ne.